Bagaruwa da Tutiya: Tarihin Maganin Rauni Tsakanin Jega, Aliero da Maiyama

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya wuce Tambuwal a watannin bazara, hancinsa ne ke fara gaya masa ya iso Aliero kafin idonsa ya ga allon garin. Warin albasa ke tarbarsa daga buhunan da aka jibge a bakin hanya ana jiran manyan motocin da za su kwashe su zuwa Legas da Anaca da ƙasashen maƙwabta. Sai dai ba duk motar da ta ratse cikin garin ce ta zo ɗaukar albasa ba. Wata za a ga an kwantar da kujerarta ta baya, an shimfiɗe mutum, an tallafe masa ƙafa da matashi. Wannan gidan masu ɗori ta nufa, domin Aliero ta daɗe da yin suna a gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, kuma sana'ar gado ce da ake koya tun ana yara a zauren uba ko kaka.

A garin nan ne kuma gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a shekarar 2006, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Abdullahi Fodiyo. Ke nan a gari ɗaya akwai tsohon da ke shafa ƙashi da yatsunsa ya gane inda ya tsage, akwai kuma ɗalibar da ke koyon rainon ƙwayoyin cuta a cikin ɗan faifan gilashi. Abokin gabarsu ɗaya ne, wato raunin da ya ƙi warkewa, ya yi ruwa, ya koma gyambo.

Yaƙi da wannan abokin gaba ya girmi jami'ar nesa ba kusa ba. Garin Jega, wanda ke gaba kaɗan a bakin Gulbin Zamfara, Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajejen 1820. Mahaifinsa shi ne malamin nan na Gimbana da farmakin da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa jama'arsa ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi a 1804. Cikin 'yan shekaru Jega ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan, 'yan jirgin ruwa suna sauke kaya, kuma ana hada-hadar tufafi da gishiri da kanwa da dabbobi da fata. Duk inda aka tara jakuna da shanu da mutanen da suka yi wata guda suna tafiya a ƙasa, to akwai kushe a bayan dabba, akwai faso da sartse a ƙafar mutum. Kasuwa irin wannan ba ta rasa layin masu saiwa da sassaƙe.

A cikin kayan wannan layi, da wuya a samu wanda ya kai bagaruwa aiki. Majema ne suka fi kowa saninta. Sukan daka 'ya'yanta su jiƙa, su tsoma fatar akuya a ciki, kuma da wannan ruwa ne aka jeme jar fatar ƙasar Sakkwato da ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta hannun 'yan kasuwar can take isa gare su. Abin da ruwan bagaruwa ke yi wa fata shi ne ya kama ta ya ɗaure, ya hana ta ruɓa. Mutanen da suka ga haka kullum a majema ba su sha wahalar gane cewa zai yi wa fatar mai rai irin wannan aiki ba. Wanzami kan barbaɗa garinta a raunin kaciya. Uwa kan dafa ta ta wanke wa yaro bakin da ya yi ƙuraje. Mai dasashin da ke jini kan kurkure da ita. Masana harhaɗa sinadarai sun ba abin da ke wannan aiki suna tanin, kuma sun tabbatar yana manne wa furotin ya sa shi ya takura, shi ya sa bagaruwa ke da bauri a baki, shi ya sa kuma rauni ke tsotsewa idan an sa ta.

Bayan bagaruwa akwai sabara, wadda ta cika saurukan da ke tsakanin Jega da Maiyama, da marke, da lalle, da zogale na bayan gida. Dogon yaro baƙo ne a cikinsu, duk da yadda ya mamaye titunan garuruwan nan uku. Asalinsa ƙasar Indiya ne, an fara dasa shi a Barno a 1928, daga can ya bazu. Amma bai daɗe ba mata suka sa ganyensa a tukunyar wankan jego da ta mai zazzaɓi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganin gargajiya ba a daskare yake ba, yana karɓar baƙo ya gwada shi, in ya ga amfani ya riƙe.

Ilimin bai tsaya a baka kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir, baffansa Abdullahi na Gwandu kuma ya wallafa Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki. Da Turawa suka zo, wani likitansu mai suna Dalziel ya bi ƙasar Hausa yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu, ya buga ƙamus ɗin tsirrai na Hausa a 1916, sannan babban littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma masu amfani a 1937. Abin da ya rubuta daga bakin manoma da mafarauta da masu magani ya ji shi, waɗanda ba a san sunayensu ba yau, alhali masu bincike har gobe suna komawa ga littafin.

Wannan shi ne ɓangaren ganye. Ɗaya ɓangaren na ma'adini ne, kuma labarinsa yana ɓoye a cikin wata kalma da matasa da yawa ba su sani ba, wato tutiya. Ita ce sunan ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi da bokiti don kada su yi tsatsa, wanda in an narka shi da jan ƙarfe ake samun tagullar mundaye. Hausa ta aro kalmar daga Larabci, Larabawa kuma daga Farisawa suka karɓa. A wurinsu tutiya wani farin gari ne mai laushi da ke taruwa a saman matoyar ƙarfe. Likitan Girkawa Diyoskoridis ya bayyana shi tun ƙarni na farko na miladiyya a matsayin maganin ido da miki. Ibn Sina ya ambace shi a littafinsa Alƙanun, wanda ya kammala a 1025. Marko Polo, da ya ratsa yankin Kirman na ƙasar Farisa a ƙarshen ƙarni na 13, ya ga yadda ake ƙona dutsen a matoya, a ɗora ragar ƙarfe a sama, hayaƙin ya daskare a jikinta, a kankare a sayar don maganin ido. Wannan gari tokar tutiya ce, abin da ke samuwa idan ƙarfen ya ƙone ya haɗu da iskar oksijin.

Turawa sun fara yin sa da yawa a Faransa a shekarun 1840, da farko don farin fenti. Daga baya wani likitan fata a Hambug ta Jamus, Paul Gerson Unna, ya kwaɓa shi ya shafa a bandeji yana naɗe ƙafar masu gyambo, kuma har yau ana amfani da irin wannan naɗi da sunansa. Kowace uwa a Jega ko Maiyama ta san wannan farin gari ko da ba ta san sunansa ba. Yana cikin ruwan kalamin mai launin hoda da ake shafa wa yaro mai ƙaranbau, shi ne kuma farin man da ake shafa wa jariri idan kunzugu ya sa masa ƙuraje. Ɗan uwansa, wani gishirin tutiya, shi ne ƙwayar da ake haɗawa da ruwan gishiri da sukari a ba yaro mai gudawa kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004.

Shekaru aru-aru, ganye da ma'adini kowanne na tafiya a hanyarsa. Abin da ya haɗa su shi ne gano cewa girman ƙwayar gari yana sauya halinsa. Mai girki ta san wannan: dunƙulen kanwa sai ya kwana a ruwa bai gama narkewa ba, dakakkiya kuwa nan take take aiki, domin ko'ina na jikinta yana taɓa ruwa. Masana sun bi wannan hanya har suka kai ma'aunin da suke kira nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 80,000. Ƙwayar cutar da ke sa maruru tana da faɗin kimanin 1,000. Garin da ake magana a kai kuwa bai wuce 100 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai. A shekarun 1990 wani masani ɗan Japan, Jun Sawai, tare da abokan aikinsa sun auna yadda garin tokar tutiya ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa ƙarfinsa na ƙaruwa gwargwadon ƙanƙantarsa. Ta hanya uku yake aiki. Yana manne wa bangon ƙwayar cutar ya raunata shi, yana sakin ɓurɓushin tutiya da ke shiga ciki ya dagula mata aiki, yana kuma haifar da irin sinadarin nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti.

Matsalar ita ce yin gari mai wannan laushi yakan buƙaci sinadarai masu tsada, wasu ma masu guba. Nan ne ganye ya shigo. A 2004 wasu masana a babban ɗakin binciken sinadarai na birnin Pune a Indiya, ƙarƙashin Murali Sastry, suka wallafa cewa sun dafa ganyen dogon yaro, suka zuba ruwan a narkakken gishirin zinariya da na azurfa, sai ga ƙananan ƙwayoyin ƙarfen sun fito. Daga baya aka gwada da tutiya, kuma daga nan jami'o'in Indiya da Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya suka shiga gwada kusan duk ganyen da aka sani da magani.

Aikin kansa, in mutum ya tsaya ya kalla, ya fi kama da na madafa. Ɗaliba za ta tsinko ganye, ta wanke, ta shanya a inuwa don kada rana ta cinye ƙarfinsa, ta daka, ta auna a sikeli. Za ta dafa shi a tataccen ruwa na ɗan lokaci, ta tace, ta samu ruwa mai launin shayi. A wani kofin gilashi ta narka gishirin tutiya, ruwan garau kamar na sha. Sai ta riƙa ɗiga ruwan ganyen a hankali, wani ɗan maganaɗisu yana juyawa a ƙasan kofin, zafi yana tsakanin digiri 60 da 80. Ruwan zai fara gurɓacewa, ya yi kauri, ya koma kamar kunun da ya sha wuta. Wannan kwaɓin za ta kwashe ta sa a ƙaramar matoyar lantarki mai zafin digiri 400 ko fiye, ta bar shi awa biyu ko uku. Abin da zai fito ɗan gari ne fari ko mai ɗan rawaya, wanda bai cika cokalin shayi ba.

Sannan sai gwaji. A shafa ƙwayoyin cuta a kan wani abinci mai kama da daskararren kamu a cikin faifan gilashi, galibi Staphylococcus aureus mai sa maruru da ruwa a miki, da E. coli mai sa gudawa da ciwon mafitsara. A huda ƙananan ramuka, a ɗiga garin da aka dama, a rufe a ajiye a zafin jikin mutum, digiri 37, kwana ɗaya. Da safe faifan zai yi hazo saboda yaɗuwar ƙwayoyin, amma in garin ya yi aiki za a ga da'ira garau kewaye da ramin. Faɗin wannan da'ira ake aunawa da rula, a rubuta milimita nawa ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a nan shi ne aikin da ganyen ke yi. Mutane da yawa na zaton maganin da ke cikin ganyen ne ke shiga garin ya ƙara masa ƙarfi. Gaskiyar ita ce zafin matoya yana ƙone mafi yawan abin da ganye ya kawo. Aikinsa ya riga ya ƙare tun a cikin kofi: tanin da danginsa suna kama ɓurɓushin tutiya su kewaye shi, su hana ƙwayoyin mannewa da juna su zama dunƙule. Wato halin kamawa da ɗaurewa da majemin Jega ya dogara da shi wurin jeme fata, da wanzami ya dogara da shi wurin tsotse rauni, shi ne ɗalibar ke aro don ta tsare girman garinta. Duk wanda ya zaɓi bagaruwa ko marke ko sabara don wannan aiki, sanin kakanni ne ya nuna masa inda zai nema, kuma ya kamata a faɗi haka a fili a duk takardar da za a rubuta.

Dalilin da ya sa ake wannan fafutuka ba ɓoyayye ba ne. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna rasa kaifinsu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma, inda aka samu mutuwar kimanin 27 cikin kowane mutum 100,000. Wanda ya san yadda ake sayen kafso biyu a tiren mai talla a tasha, a sha ɗaya a fasa ɗaya a barbaɗa a miki, ya san ta inda ɓarakar take.

A zauren mai ɗori ma nan ne gizo ke saƙar. Karayar da fata ba ta fashe ba, gwani kan ja ya daidaita, ya shafa man shanu ko man kaɗe, ya jera 'yan karare ya ɗaure, yana ce wa yaron da ke kuka, "Daure, ɗana, an kusa." Makonni kaɗan sai ka ga yaro na takawa. Amma zamanin babur da mota ya kawo irin karayar da kakanni ba su cika gani ba, wadda ƙashi ke huda fata ya fito, ƙasar titi ta shiga ciki. Irin wannan in aka rufe ta da tsumma, ko aka matse ɗauri har jini ya kasa gudu, tana iya ruɓa, kuma likitocin ƙashi a asibitocin Najeriya sun sha rubuta yadda hakan ke kaiwa ga yanke hannu ko ƙafa. Masu ɗorin da suka san aikinsu sukan tura mai irin wannan rauni asibiti tukuna. Bandeji mai araha da ke hana ƙwayoyin cuta zama, wanda ba ya lalacewa da zafin bazara, zai yi amfani a zaure da ƙaramin asibitin ƙauye baki ɗaya, kuma irin abin da masu binciken garin tutiya ke hange ke nan.

Sai dai tsakanin da'irar da ke cikin faifan gilashi da ƙafar mutum akwai tafiya mai nisa, kuma rashin gaskiya ne a ɓoye haka. Ganyen da aka tsinko a fadamar Maiyama da damina ba ɗaya yake da na tudun Aliero da rani ba, don haka garin da za su bayar ma yakan bambanta. Kafin a ce an samu ƙwayoyi masu girman nanomita sai an duba su da na'urorin da ba kowace jami'a ke da su ba, shi ya sa sau da yawa ake aika samfuri wani gari ko wata ƙasa a jira. Matoya tana son wutar da ba ta yankewa. Bayan duk wannan sai gwaji a kan ƙwayoyin jikin mutum, da dabbobi, da marasa lafiya, sannan amincewar hukumar NAFDAC. Mafi yawan binciken da ake yi a duniya a wannan fanni yana tsayawa ne a matakin faifan gilashi.

Tutiya kuma ba a wasa da ita don kawai tana cikin man jarirai. Masu walda sun san zazzaɓin da ke kama mutum da dare bayan ya wuni yana shaƙar farin hayaƙin bututun da aka shafa wa ita. Tarayyar Turai ta hana zuba tokarta da yawa a abincin aladu daga 2022, saboda tana taruwa a ƙasar noma, kuma akwai alamun tana taimaka wa wasu ƙwayoyin cuta su ƙara taurin kai. Mutanen bakin Gulbin Zamfara ma ba sa buƙatar a ba su labarin illar ƙurar ma'adini. A 2010 ne gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙasar da Gulbin Zamfara ke ratsawa kafin ya gangaro Jega. Saboda haka babu wanda ya kamata ya ji wannan labari ya je ya kankare kwanon rufi ya dafa da bagaruwa.

Abin da yankin ke da shi a hannu ba kaɗan ba ne. Jega na da kwalejin koyar da ma'aikatan lafiya, waɗanda su ne ke wanke rauni a asibitocin ƙauyuka, sun kuma san irin mikin da ke zuwa musu. Aliero na da sassan koyar da ilimin sinadarai da na ƙwayoyin cuta, da gidajen ɗori da ke karɓar masu karaya daga nesa. Maiyama na da sauruka da fadamun da tsirran ke fitowa. Akwai kuma albasa. Busasshen ɓawonta, musamman na ja, yana ɗauke da sinadarin kwasetin mai yawa, wanda dangin tanin ne wurin kama ƙarfe, kuma masu bincike a ƙasashe da dama sun riga sun yi amfani da ruwansa wurin haɗa garin tutiya. A kasuwar Aliero, lokacin da ake zazzage buhuna ana tsince ruɓaɓɓu kafin lodi, wannan ɓawo yakan taru har ya rufe idon sawu, yara su share shi gefe, iska ta kwashe wani, awaki su ci wani, sauran a cinna masa wuta da yamma.